Mai Gyangyaɗi a Bencin Baya

Ranar Lahadi, a ƙaramin cocin da ke bayan tashar jirgin Minna, wata Bagwariya tana zaune kusa da ni. Kafaɗarta ta yi baƙi ta yi tauri saboda ɗaukar itace, faratanta duk toka, jariri na barci a cinyarta. Ina jin tun asuba ba ta zauna ba.

Malam yana wa'azi kan Maryamu da Yusufu da hidimar gidansu, ita kuwa sai gyangyaɗi take yi. Dattijon da ke tada masu barci ya nufo ta da sandarsa. Daga layin maza mijinta ya miƙo hannu, baƙi ƙirin da kwal ɗin jirgi, ya tare sandar.

"Baba, ƙyale ta. Abin da Malam yake faɗa, shi ta yi har ta gaji."