Sada Ja-mu-gani da Agarar Karensa

Duk mai cin kasuwar Dayi ya san Sada, ko bai san sunansa na yanka ba ya san laƙabinsa, Ja-mu-gani. Mutumin Gozaki ne, gajere kakkaura, tafukan hannunsa kamar faifai. Ubansa tufkar igiya yake yi, a gindinsa Sada ya tashi, kuma abu ɗaya ya gada: ba ya yarda da ƙarfin komai sai ya ja da hannunsa. In ya tsaya gaban mai sayar da igiya, sai ya take bakin igiyar ɗaya da ƙafa, ya naɗe ɗayan a hannu, ya ciji leɓe ya ja. In ta tsinke ya ce, "Ka gani? Na raba ka da kunya," ya wuce. In ba ta tsinke ba ya ce zai dawo. Masu igiya na hango hularsa sai su hau kan kayansu su zauna.

Noma ne sana'arsa. Yana da gonar masara a gindin wani dutse da birai suka mayar gidan ubansu, don haka ya ajiye kare, wani ja mai dogayen ƙafafu, ya sa masa suna Ba-ruwanka. Matarsa Ladidi ba ta son ganin karen ko daga nesa. Ta kafa masa doka: iyakarsa bayan rumbu, in ya leƙo wajen madafa muciya ce rabonsa.

Wata damina, masara ta fara gemu, Ba-ruwanka ya bi wani ƙaton biri, ya tsallake shinge, ya dira kan tsohon kwanon rufi da aka yar a cikin ciyawa. Kwanon ya yanke masa agara, jijiyar nan mai kauri da ke bayan ƙafa. Sada ya iske shi yana jan ƙafar kamar tsumma.

Ya saɓo shi ya dawo gida, ya ɗauko basilla da zaren ɗinkin buhu. Maƙwabcinsa Kamalu, ɗan acaba, ya riƙe masa hannu.

"Baba Sada, kare ne fa, ba buhun dawa ba. Akwai likitan dabbobi a Funtua, hau mu je."

Haka suka tafi su uku a kan babur, karen a tsakiya an naɗe shi da buhu, kansa a kafaɗar Kamalu, shi kuwa Kamalu sai karkatar da wuya yake kada yawu ya taɓa masa riga.

Likitan, Dakta Zainulabidin, dogo ne siriri mai sanyin magana. Ya duba ƙafar, ya ɗaga kai.

"Malam, yaya sunansa?"

"Ba-ruwanka."

Likita ya cire tabarau. "Da ruwana mana, tunda ni zan ɗinke shi."

Sai da Kamalu ya shiga tsakani aka fahimci juna. Likita ya ce jijiyar ta rabu biyu, za a yi wa karen allurar barci a haɗa bakunanta a ɗinke. Ya buɗe wata 'yar takarda ya zaro zare.

Sada ya dubi zaren, siriri kamar gashin wutsiyar doki, ya yi dariya har da tafa cinya.

"Likita, da wannan? Karen da ke kayar da biri? Ba ni nan in ja mu gani."

Likita bai yi musu ba. Ya miƙa masa wani guntu. Sada ya naɗe a yatsu, ya fizga, zare ya ce tas. Ya juya ya dubi Kamalu kamar wanda ya kayar da ɗan kokawa.

"Wannan na ɗinkin naman ciki ne," in ji likita. "Shi da ma narkewa yake yi da kansa in ciwo ya warke. Ga na jijiya."

Ya ba shi wani, ɗan kauri kaɗan, saƙaƙƙe. Sada ya naɗe, ya ja, shiru. Ya gyara tsayuwa ya sake ja. Ya cire hula ya ba Kamalu, ya ɗaura zaren a ƙafar benci, ya taka bencin, ya ja har jijiyar wuyansa ta tashi. Zaren bai ce uffan ba. Abin da ya tsage shi ne yatsun Sada guda biyu, jini ya ɗiga a kan siminti.

"To," in ji likita yana miƙa masa auduga, "ka ga abin da nake tsoro ke nan. Irin wannan zaren ba kasafai yake tsinkewa a tsakiya ba. Ko dai ƙullin ya kwance, ko kuma in an ja shi da ƙarfi ya yanka jijiyar kamar yadda ya yanka yatsunka. Shi ya sa ba ratsawa ɗaya zan yi ba, zan yi ta kaiwa da kawowa ta wurare daban-daban don nauyin ya rarrabu. Sauran aikin kuma naka ne. Kada ya yi gudu, kada ya yi tsalle, kada bakinsa ya kai wurin, har sai an kusa girbi."

Sada ya tambaya ko likita zai ɗan ɗinke masa yatsun tunda ga kayan aiki. Likita ya ce shi masu ƙafa huɗu yake gani, ya nuna masa hanyar asibitin mutane.

Da la'asar suka shigo Gozaki. Ƙafar Ba-ruwanka a sandare cikin filasta, kansa cikin bokitin roba da aka fasa wa gindi don kada ya ciji ɗinkin. Sada kuma hannu a naɗe da bandeji. Mutanen da ke zaune a ƙofar masallaci suka rasa wanda za su fara yi wa sannu. Wani dattijo ya tambaya ko karen ne ya cije shi. Sada ya ce a'a. Aka ce to mene ne? Ya shige gida da karensa. Kamalu kuwa bakinsa ba ya riƙe magana, kafin magariba gari ya ji cewa zare ya kayar da Ja-mu-gani. Ranar kasuwa masu igiyar Dayi suka aiko masa da gaisuwa, har da tambayar ko yana bukatar wani abin ja.

Daga nan wahala ta fara. Sada ya ɗaure karen a bayan rumbu da igiyar da ya tufka da kansa. Ba-ruwanka ya goga bokitin a jikin rumbu har ya karkace, ya tauna igiyar ya tsinke, aka tsinto shi a bakin hanyar gona yana ɗingishi da ƙafa uku. Aka sake ɗaurewa, ya sake tsinkewa. Sada ya ga ba mafita, ya shimfiɗa buzu kusa da karen ya zauna gadi. Yana nan zaune yana jin labarin birai na walima a gonarsa.

Ladidi ta gaji da ganin mijinta yana hira da kare. Wata safiya ta fito ta ce, "Malam, tashi ka tafi gonarka. Mu da za mu ci tuwon baɗi ba mu ga ta zama ba. Bar mini shi."

"Ke da ba kya ko kallonsa?"

"Ai ba kallonsa zan yi ba."

Ba ta ɗaure shi da komai ba. Ta samo tsohon kasko, ta riƙa zuba masa romon ƙashi da ƙanzon tuwo, ta tura masa da sanda daga nesa tana tsaki. In ya motsa ta daka masa tsawa, in ya kwanta ta ƙara masa ƙanzo. Ba-ruwanka ya auna al'amarin, ya ga kwanciya ta fi riba.

Da aka koma Funtua aka cire filasta, likita ya lanƙwasa ƙafar, ya miƙe ta, ya ce jijiya ta kama, a riƙa ɗan tattaki da shi kafin a sake shi. Sada ya bi umarni. Ranar da zai mayar da shi bakin aiki, maƙwabta suka fito kallo. Ya tsaya a ƙofar gida ya yi fito, ya nuna hanyar dutse. Ba-ruwanka, wanda yanzu wuyansa ya yi kauri kamar na ɗan maraƙi, ya dubi dutsen, ya yi hamma, ya juya cikin gida ya kwanta inda zai riƙa hango Ladidi.

Har yau Sada shi kaɗai ke zuwa gona, da gwangwani da sanda, yana kaɗawa yana ihu, biran kuma sun saba da shi har ba sa sauka daga kan shinge. In aka tambaye shi ko ƙafar ta warke da gaske, sai ya ce a zo gidansa lokacin kwashe tuwo. Da Ladidi ta fara kankare gindin tukunya, karen zai taso daga bayan rumbu da gudun da bai taɓa yi wa biri ba, ita kuma tana ɗaga muciya tana cewa ya tsaya daga can.