Teburin Talita a Bakin Titin Allston

Idan ka shiga gidan Arlindo Fontes da ke unguwar Dorchester ka yi kuskuren yaba kujerar da aka zaunar da kai, to ka ja wa kanka, don sai ka ji tarihinta tun daga tushe. Zai gaya maka shekarar da ya tsinto ta, da sunan layin, da irin ruwan da aka tafka ranar, sannan ya rufe da yi wa yaron da ya yar da ita addu'ar shiriya. Matarsa Odete ta daɗe da daina jin kunyar wannan zance. Takan ce a duk gidan ita kaɗai ce ba a bola aka samo ba, kuma ko ita ɗin ba ta da cikakken tabbaci.

Aikinsa kula da wani dogon bene ne na 'yan haya. Famfo ya toshe a kira shi, tukunyar ɗumama gida ta yi gardama a tsakiyar hunturu a kira shi, kyanwar wata tsohuwa ta maƙale a bayan firji, shi ne dai. Shekara ashirin da shida yana wannan bauta bai taɓa neman hutun Kirsimeti ba. Hutunsa guda ne a shekara, ran ɗaya ga Satumba, kuma mai benen ya san ko gobara ce ta tashi ranar sai dai ya ɗauki bokiti da kansa.

Ranar ce wa'adin hayar ɗalibai ke cika a Allston, kusan duk unguwar lokaci guda, sai ka ce wanda ya tsara abin yana gaba da jama'a. Masu fita na fita, masu shiga na shiga, ta ƙofa ɗaya da matakala ɗaya. Abin da ya fi ƙarfin mota, ko ya fi ƙarfin haƙurin mai shi, sai a dire shi a bakin titi a ƙara gaba. Katifu, fitilu, tukwane da sauran miyar jiya a ciki, talabijin da ba abin da ya same ta illa an yi sabuwa. Mutanen gari suna kiran ranar Kirsimetin Allston, Arlindo kuwa bai ɗauki sunan da wasa ba. Da sassafe yake tayar da a-kori-kurarsa, da igiya, da safar hannu, da 'yar tocilan ta leƙen kuɗin cizo a ɗinkin kujeru.

Yana da dokokinsa, kuma duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi a coci ya haddace su. Ba a ɗaukar katifa ko da gwamna ne ya kwana a kanta. Ba a taɓa abin da mai shi ke tsaye a kai. Amma abin da ke bakin titi shi kaɗai, ba kowa kusa, ya zama na wanda ya fara ɗora masa hannu, ko alƙali bai isa ya ce a mayar ba. Game da ɗaliban kuwa ra'ayinsa bai taɓa sauyawa ba. Yara ne da iyayensu suka zubar da dukiya don a koya musu yadda duniya ke tafiya, amma duk shekara sai an samu gwani ɗaya ya cusa motar kaya ƙarƙashin gadar da aka rubuta tsayinta da manyan baƙaƙe, rufin ya yaye kamar gwangwanin kifi. Masu ilimi ke nan, in ji shi.

To, Allah da ikonsa, sai ga 'yarsa tilo, Talita, ta samu shiga ɗaya daga cikin jami'o'in nan tana karatun haɗa magunguna. Ta yi shekara biyu a ɗakin kwanan makaranta, a ta uku ta kama haya da wata ƙawarta mai suna Brooke a Allston, hawa na uku, ranar shiga ɗaya ga Satumba. Arlindo ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Zai kai 'yarsa da mota cike, ya dawo da mota cike.

Talita ce ta katse masa hanzari. Ana saura kwana biyu, suna cin abinci, ta roƙe shi abu ɗaya: ranar kada ya tsinci komai, ko cokali. Iyayen Brooke za su zo daga jihar Connecticut, uban lauya ne, kuma ba ta so su fara sanin mahaifinta da rabin jikinsa a cikin tulin shara. Ba da wannan lafazin ta faɗa ba, yarinya ce mai ladabi, amma abin da kunnensa ya ji ke nan. Ya ji ciwon maganar ƙwarai. Ya yi alkawarin duk da haka, don a duniya ba abin da yake tsoro kamar ranar da 'yar nan za ta dube shi ta ji kunya. Sai dai ya kafa sharaɗi, ya ce za ta tafi da teburinta.

Teburin nan na katako ne mai nauyi, irin wanda ba a yi yanzu. A Allston ɗin ya tsinto shi shekarar da aka yaye ta, ƙafa ɗaya a karye, ya kwashe hunturu guda yana kankarewa yana shafa masa mai. A kansa ta koyi rubuta sunanta, a kansa ta sha kukan lissafi, a kansa ta buɗe takardar jami'a. In ka bi ta bakin Arlindo, rabin digirin ma na teburin ne. Talita ta ce ɗakin ƙarami ne. Ya ce ya auna ranar da suka je ganin gidan. Ta ce matakalar ƙunci gare ta. Ya ce ita ma ya auna. Odete ta dubi 'yarta, ta dubi mijinta, ta tashi ta kwashe kwanuka.

Ranar ya sa rigarsa ta zuwa coci. Tun daga bakin unguwar jarrabawa ta fara. Ga fitilar tagulla da ko lanƙwasa babu, ga keken ɗinki a zaune kan kwali kamar maraya, ga akwatin kayan aiki ja da duk durowoyinsa. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon gabansa, gumi na bin wuyansa. Talita ta tambaye shi ko lafiya, ya ce cunkoso ne.

A ƙofar gidan suka tarar da mahaifin Brooke, Mista Whitcomb, cikin gajeren wando da kofin gahawa a hannu, yana nuna wa 'yan dako biyu da ya ɗauko inda matakala take, ko da ba su gani ba. Ya kama hannun Arlindo ya girgiza, ya ce shi fa tun yana yaro yake sha'awar mutanen da ke aiki da hannunsu. Arlindo yana da amsa uku a bakinsa, kowacce ta fi 'yar'uwarta daɗi. Ya haɗiye su duka ya ce ya gode.

Suka sauke kaya a bakin titi, suka yi ta jidar kwalayen da Talita ta bi ɗaya bayan ɗaya ta rubuta wa suna da wani koren alƙalami mai kauri: littattafai, takalma, kayan girki. Tebur aka bari a ƙarshe, don sai da mutum biyu. Kafin 'yan dakon lauya su gama da madubin Brooke, sai ga ɗan sanda ya ce a gusar da a-kori-kurar yanzu ko a ja ta. Arlindo ya san doka tunda shi ya kafa ta, don haka ya kira Talita ya tsayar da ita jikin teburin, ya ce ko ƙasa za ta tsage kada ta motsa.

Neman wurin ajiye mota a Allston ranar ɗaya ga Satumba aikin wanda ya yi wa iyayensa laifi ne. Sai da ya kwashe minti arba'in yana zagaye, ya ajiye ta can kusa da layin dogo, ya dawo a ƙafa yana haki. Babu tebur, babu Talita. A sama ya same ta tana rataya labule. Ta ce Brooke ce ta kira ta ta riƙe mata tsani na minti ɗaya, da ta sauko ba ta gan shi ba. Ta ba shi haƙuri, idonta na kan labulen.

Bai tsaya faɗa ba, ya sauka da gudu. Wanda ya shekara ashirin yana wannan sana'a ya san tebur mai nauyi ba ya nisa, kuma ya san inda 'yan tsintuwa ke laɓewa su yi lodi, wato lungun bayan shagon wanki. Can kuwa ya tarar da shi a kan 'yar kura mai taya biyu, wata mata da za ta haura hamsin, cikin kayan asibiti, tana ƙoƙarin ɗora shi kan rufin wata ƙaramar mota. Daga harshenta ya gane 'yar Haiti ce. Madam Dorvil sunanta, kamar yadda katin da ke ƙirjinta ya nuna.

Ya ce mata teburin nasa ne. Ta ce da nasa ne, yanzu nata ne, don shi kaɗai ta same shi a bakin titi, kuma in baƙo ne shi a garin nan ya tambayi kowa yadda ake yi. Ka ji fa, Arlindo Fontes ake karanta wa doka! Nan take malamin ya gano cewa dokar tana da togaciya iri-iri da bai taɓa ambata wa mutanen coci ba. Ya kawo batun niyya, ya kawo batun ɗan sanda, ya ja durowa ya nuna mata inda ya ɗaure ƙafar da hannunsa. Matar ta bar shi ya gama, sannan ta sa hannu a aljihu ta fito da wata takarda.

"Dattijo, ni ban saci kayan kowa ba. Ga abin da aka manna a kai."

Kalma biyu ce da koren alƙalami mai kauri: KYAUTA, ƊAUKA. Ba sai an gaya masa hannun wa ba ne. Duk katin da wannan hannun ya taɓa rubuta masa yana nan cikin akwatinsa a gida.

"Wata yarinya ce ta manna," in ji Madam Dorvil. "Ita ta kama min muka ɗora a kurar ma. Ta ce in yi sauri."

Arlindo ya tsaya riƙe da takardar. Ba fushi ya ji ba, da fushi ne da sauƙi. Kunya ce ta rufe shi, irin ta wanda ya gano shekara da shekaru ana haƙuri da shi ne yana zaton ana jin daɗinsa. Matar ta dubi fuskarsa ta gane abin da ta taka. Ta ce in 'yarsa ce ya ɗauki abinsa, ita dama jarrabawar zama cikakkiyar nas take shiri, a kan teburin guga take karatu, kuma ba yau ta saba ba.

Ya ninke takardar ya sa a aljihun rigar cocin. Ya ce ta kama wancan gefen teburin. Suka ɗaga teburin suka kifa shi a rufin motar, ya karɓi igiyarta ya yi masa ɗaurin da ko iskar teku ba ta kwancewa. Ya gaya mata durowar hagu tana cijewa in an yi ruwa, ta goga mata kyandir, kuma ta riƙa shafa wa saman mai sau biyu a shekara. Ta yi ta godiya, shi kuwa ya juya tun kafin ta tayar da motar.

Da ya koma hawa na uku ya tarar da lauya zaune dirshan a ƙasa, gumi sharkaf, yana juya wata takardar bayani mai zane-zane sama da ƙasa. A gabansa dogayen kwalaye ne guda biyu na teburan nan farare da ake matse garin katako a yi, a bar wa mai saye wahalar haɗawa. Guda biyu, iri ɗaya, kuma takardar da ke jikin kwalayen ta nuna tun watan jiya aka saye su.

Talita ta taho da sauri. "Baba, ka same shi?"

"Ban same shi ba," in ji shi. "Unguwar nan haka take."

Ta rungume shi tana cewa laifinta ne, ya ji yadda kafaɗunta suka saki a jikinsa. Ya bubbuga bayanta ya ce ba komai, katako ne.

Daga nan ya tuɓe rigar cocin ya rataye ta a ƙofa, ya karɓi ɗan ƙarfen ɗaure noti daga hannun Mista Whitcomb, wanda ya sake shi da saurin da ya nuna sha'awar aikin hannun nan daga nesa take. Cikin rabin awa ya haɗa na Brooke, ya haɗa na Talita, bai ko kalli takardar bayanin ba. Ya kai nata gindin taga inda haske ya fi, ya dafa shi. Daɓen tsohon gida ne, ƙafa ɗaya ba ta taɓa ƙasa, teburin sai rawa yake.

Ya je wajen rigarsa ya ciro takardar, ya ƙara ninke ta sau biyu, rubutun a ciki, ya durƙusa ya cusa ta ƙarƙashin ƙafar. Talita ta zo ta dafa da hannu biyu, ta ce yanzu kam ya zauna daram, ta gode. Ta tambaye shi me ya sa a wurin.

"Wata takarda ce na tsinta," in ji shi. "Kada ki cire ta."