Gurbina a Ƙarshen Igiya

Da zarar Satumba ta kama sai in zama wani iri. Matata ta riga ta gane. Tana jin na fara tsaki ba gaira ba dalili sai ta ce, "To, bikin mutanenka ya zo ke nan." Ni kuwa sai in ɗauki makullin mota in nufi filin jirgin sama na JFK, in shiga layin direbobi masu jiran fasinja, amma raina yana can wani ɗan gari na bakin teku a yankin Basque na Sifaniya, inda na yi shekaru ina sauke kifi daga jiragen ruwa kafin in zo New York.

Garin yana da waliyyinsa, kuma duk shekara sukan yi masa biki. Daga benen ofishin magajin gari ake harba wani abu sama, ya yi ƙara fau, sai kowa ya ɗaura shuɗin hankici a wuya, gari ya ɗinke da kiɗa. Sukan fito da mutum-mutumin waliyyin daga coci su kai shi bakin ruwa. Wannan kam ba ruwana, a ƙofar mai burodi nake tsayawa har su wuce, kuma ba wanda ya taɓa ɗaure mini fuska. Ana gasar dafa kifi da dankali a kan titi, abokan aikina su ware mini tukunyata wadda ba a zuba wa giya ba.

Amma abin da ya kama zuciyata shi ne jan igiya. Unguwa da unguwa ake karawa, mutum takwas-takwas, kuma na ƙarshe shi ke naɗa igiyar a jikinsa ya kafe ƙafa. Wani dattijo mai gyaran injin jirgi ne shugaban unguwarmu, Baba nake ce masa. Ran da ya ga na ɗaga akwatin kifi biyu a tare, ya zagaye ni yana kallo kamar mai taya sa a kasuwa, ya ce, "Kai ne na ƙarshe." Haba! Ni da ko dambe ban taɓa yi ba a Maraɗi. Shekarar nan muka kwantar da mutanen unguwar tudu a cikin ruwan sama, tsofaffin mata na ihun sunana a karkace. Wallahi tun da na bar gida ban taɓa jin ni ɗan gari ba ne sai ranar.

Da zan taho Amurka, Baba ya ce gurbina yana nan, aron mutum za su riƙa yi har in dawo. Ni ma na ce baɗi ina tafe. Baɗi ta zo, takarduna ba su fito ba, in na fita ba ni da hanyar komowa. Wata baɗin kuma ga haihuwa. Kullum ya kira sai in ce, "Baba, a riƙe mini." Ina tuƙi a Bronx, amma ina da waje a ƙarshen igiya a wani gari, kuma wannan ne ke sanyaya mini rai in birnin nan ya ishe ni.

Bara matata ta ce, "Maigida, ka ji tsoron Allah, ka saki mutanen nan. Ba ka ci ba, ka hana wani ci." Na yi ta faɗa, na ce me ta sani game da igiya. Amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Na yi kwanaki ina shirya maganar da zan faɗa wa dattijon ba tare da na karya masa zuciya ba.

Ranar bikin na kira shi daga cikin mota. Ina jin ganguna da sarewa ta bayansa, har ƙamshin tukwanen nan sai da na ji kamar yana shigo mini. Na ce, "Baba, ba zan dawo ba. Ka ba wani gurbina."

Ya ce, "Ɗana, ai tun bikin farko bayan tafiyarka na bai wa jikan mai burodi. Igiya ba ta jira. Na ga kana son a ce yana nan ne, shi ya sa nake ce maka yana nan."

Na yi dariya, na ce madalla, Allah ya ba su sa'a. Abin da na kira in roƙa ke nan, an kuma ba ni, amma wallahi ya yi mini ciwo. Layin motocin jiran fasinja ya motsa, na bayana yana ta danna mini hon, ni kuwa na kasa tayar da motar.