Ranar Da Aka Fitar Da Baba Nomau Daga Coci

'Ya'yana, na gida da na birni, ku ajiye abin da kuke yi ku saurara. Kun san ni, ba na maimaita magana.

Wata rana wani dattijo, Baba Nomau, ya wayi gari ya ce shi ma zai shiga Katolika.

Manomi ne, furfura ta gama cinye kansa. Iyalinsa kaf sun daɗe da baftisma, shi kuwa iyakarsa ya raka su bakin coci ya juya gona. Fada, limamin cocin, ya yi ƙoƙarinsa, katikis mai koyar da addini ya yi, matarsa ta yi har ta bar wa Allah. Sai da ta rasu, ya ga yadda matan Zumuntar coci suka tsaya a kan gawarta kamar ciki ɗaya suka fito, sannan jikinsa ya yi sanyi.

Aka sa shi ajin manya masu neman baftisma.

Can ya ga ta kansa. Hannun da ya tsufa a kan garma aka ce ya koyi alamar gicciye, sai ya fara daga kafaɗa ya ƙare a goshi. Katikis sa'an ɗansa ne, amma shi ke tambaya, Baba na amsawa. Duk ya haɗiye.

Wanda ya ƙi haɗiyuwa, ranar Lahadi ya zo.

A cocinsu, in an gama wa'azi, Fada kan sa wa 'yan aji albarka ya sallame su, su bi katikis waje su ci gaba da koyo. Masu baftisma ne ke zama su karɓi Jikin Kristi, wato gurasa mai tsarki. An yi bayanin wannan a aji. Amma kunnen Baba ya yi nauyi, kuma shi ba mai cewa yaro "maimaita" ba ne.

Ya sha babbar rigarsa, ya zauna can gaba cikin dattawa.

Aka gama wa'azi. Fada ya kira 'yan aji, ya ɗaga hannu a kansu, katikis ya nuna musu ƙofa.

Daga gaban bagade har bakin ƙofa Baba ya taka, ido na binsa. Ga jikokinsa a zaune. Ga surukansa a zaune. Ga maƙwabcin da suka yi shari'ar iyakar gona, shi ma a zaune, har da harɗe ƙafa.

Da ya fita bai bi katikis ba. Ya nufi kekensa, yana rantsuwa a ransa cewa shi da cocin nan sai dai in gawarsa za a kawo.

'Ya'yansa maza, ƙarti da su, suna ciki suna rera waƙa. Ko waiwaye.

Mutum ɗaya ce ta tashi: Fransiska, matar babban ɗansa, da goyo a bayanta. Yarinyar da tun da aka kawo ta ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, balle ta kama sunansa.

Ta durƙusa a gaban keken.

"Tashi ki koma. Ku ne 'yan gida. Ni an kore ni kamar akuyar da ta shiga rumbu."

"Baba, ku gafarce ni. Ranar da aka kawo ni gidanku, an miƙa mini tukunya a ranar?"

"Ina fa! Sai da kika san gidan tukuna."

"To korata kuka yi?"



Ya tsaya yana kallon ƙasa. Can ya jingine keken.

"Ina yaron nan ya kai su?"

Ta raka shi har ajin, ta zauna a bayansa.

Daga ranar ta riƙa sammako ta je Mas na farko, wato sujadar safe, don kanta, sannan ta dawo na biyu don shi. In Fada ya sallami 'yan aji, ita ma ta miƙe, su fita tare. Abin da kunnensa bai kama ba, ta maimaita masa a gida tana tankaɗe, kai a sunkuye, kamar da garin take magana.

Damina ta wuce, kaka ta wuce, Ista, lokacin yi musu baftisma, ta matso. Fada ya ce kowa ya kawo wanda zai tsaya masa ranar baftisma. 'Ya'yan suka fara gyaran murya, kowa na ganin shi ne.

Baba ya ce, "Fransiska."

Aka ce, haba Baba, suruka? Ya ce a tambayi Fada ko akwai dokar da ta hana. Babu.

Ranar da aka zuba masa ruwa, hannunta na kan kafaɗarsa. Da aka fito ya tsaya a bakin coci, ya dubi jama'a ya ce, "Na gode wa Allah. Suruka na biya sadaki aka kawo mini, ashe uwa na samo."

Aka fashe da dariya, ita kuwa ta rufe fuska da gyale tana kuka.

Darasi: Babba in ya sunkuya zai koyi sabon abu, ba karatun ke kayar da shi ba, kunya ce. Wa'azi ba ya maganinta. Mutum ɗaya da zai tashi ya fita tare da shi, shi ne maganin.

Yanzu ga taku. Kawunku Jatau ya ba da sunansa a ajin bana. Ya ce kada in faɗa muku. Na faɗa. Ku zauna ku sasanta a tsakaninku wanda zai riƙa fita tare da shi, kuma kada wanda ya kawo mini zancen aiki ya yi yawa.

Sauran masu karatu, ku tura wa wanda kuka san yana da dattijo a bakin ƙofa. Allah ya saka wa irin su Fransiska.