Kogin da Ban Haye Ba

Har yau idan warin fetur ya haɗu da ƙamshin jiƙaƙƙen ganye, bakin kogin nan nake tunawa, sai raina ya ɓaci kamar yanzu abin ya faru.

Ni 'yar ƙauye ce a ƙasar Dawakin Tofa, inda gona ke manne da gona. A wajenmu babu bishiyar da ba ta da mai ita. Ɗorawar bayan gidanmu ta kakana ce, tsamiyar bakin hanya ta liman. Daji a littafi kawai na san shi. Shi ya sa ranar da malaminmu na ilimin tsirrai a jami'a ya ce zai kai mu wani gandun daji can kusa da iyakar Kamaru, na kasa cin abinci don murna. Burina in tsaya ko sau ɗaya a ƙarƙashin bishiyar da ba wanda ya shuka ta.

Baba ya amince, da sharaɗin yayana zai raka ni, Malam kuma bai ƙi ba. Yaya manomi ne mai barkwanci. A hanya shi ya riƙa ba mu dariya, yana leƙen dazuzzuka ta taga yana cewa an yi asarar ƙasar gyaɗa.

Mun sha mota har ƙafafuna suka kumbura. Inda kwalta ta ƙare muka koma wata tsohuwar akori-kura, inda ita ma ta gaza muka sauka. A nan kogin yake, faffaɗa, ruwansa ja. A ƙetare kuma ga abin da na zo dominsa, bishiyoyi sun miƙe kamar katanga, gajimare ya sauko ya kwanta a kansu, birai na kuka daga ciki. Masu kwalekwale suna ɗora babura suna hayewa da su, domin daga can babu hanyar mota, sai bayan babur.

Ƙawayena suka fara shiga. Na tattare hijabina zan bi su, sai Yaya ya kira ni gefe.

"Ba za ki haye ba."

"Don me, Yaya?"

"Baba ya ce kada ki hau babur a bayan wani ƙato."

Na ce to shi ya ɗauke ni mana, ai da babur yake kai taki gona. Ya ce mutanen nan ba sa ba da aro. Wani mai babur da ke jin mu ya ce zai bayar, shi ya hau bayan abokinsa. Yaya ko kallonsa bai yi ba. Malam ya zo ya roƙe shi, ya ce shi ma uba ne a gare ni. Yaya ya rusuna cikin ladabi, ya ce maganar mahaifi ce, ba shi da ta cewa. Malam ya dube ni, ya haƙura. Wa zai sa 'ya ta tsallake maganar ubanta?

Suka tafi suka bar ni a ƙauyen bakin kogi. Kullum ina zaune a gaɓa ina kallon dajin daga nesa, Yaya kuma yana can cikin gari yana koya wa mutane yadda ake feshin wake. Da ƙawayena suka dawo, ƙafafu duk cizon ƙwari, bakinsu bai rufu ba: ruwan da ke zubowa daga kan dutse, bishiyar da suka haɗa hannu suka kasa zagaye ta. Ɗaya ta miƙo mini wani faffaɗan ganye, wai tsarabata. Ban karɓa ba.

Fushina kan Baba ya sauka. Me ya sa ya bar ni na yi wannan doguwar tafiya, sannan ya ɗaure ni a bakin ƙofa? Ban tambaye shi ba, don a gidanmu ba a tambayar uba dalili. Na dai daina zama kusa da tabarmarsa bayan la'asar, na daina karanta masa waƙoƙina. Idan ya ce in ba shi labarin dajin, sai in ce lafiya lau muka je muka dawo. Har ya gaji ya daina tambaya.

Bayan rasuwarsa da shekaru, muna ɓarar gyaɗa da matar Yaya, ta faɗa mini tana dariya, ta zaci na sani. Baba bai taɓa yin maganar babur ba. Yaya ne ke tsoron ruwa, tun yana yaro da ya faɗa kududdufi aka ciro shi da ƙyar.