Mika'ilu Mai Ƙirga Dannawa

Mika'ilu Yelwa mutum ne da gajiya ta riga furfura zuwa fuskarsa. Na san shi a shekarar 2009, lokacin da kuɗi ke yawo a Abuja, ko'ina ana ta da bene, kowace hukuma tana son a ce ta koma aiki da kwamfuta. Ni ina sashen fayil na wata hukuma mai kula da takardun 'yan fansho, shi kuma ma'aikacin ɗan kamfanin da ya samu kwangilar rubuta mana manhaja ne. Mutum uku ne a kamfanin: mai shi, da direbansa, da Mika'ilu. Ba sai na faɗi wanda ke yin aikin ba.

Ɗan wani mai gyaran rediyo ne daga Yawuri. Lissafi ya karanta a Sakkwato, bayan bautar ƙasa ya koya wa kansa rubuta manhaja a shagon intanet. Dukanmu a Kubwa muke zaune, bas ɗaya muke shiga da safe. Ana faɗaɗa titin a lokacin, sai mu yi awa biyu cikin cunkoso, shi rungume da jakar kwamfutarsa yana gyangyaɗi, kansa na dukan kafaɗata.

Muna da ma'aikatan wucin gadi goma sha biyu masu shigar da bayanan 'yan fansho a fom. Daraktanmu, Alhaji Wakili, ya ce takwas zai riƙe, don haka yana son sanin masu aiki da masu zaman kashe wando. Mai hankali zai ce a ƙirga fom nawa kowa ya kammala. To, fom ɗin yana shafin intanet na wani kamfanin daban, wanda ba ya ga maciji da ogan Mika'ilu, kowa na ganin ɗayan ya ƙwace masa rabin kwangila. Manhajar Mika'ilu taga kawai take buɗewa, burawuza, wato manhajar shiga intanet, ta nuno fom ɗin a cikinta. Sai Darakta ya yanke hukunci: a ƙirga masa sau nawa kowa ya danna linzamin kwamfuta a kan guraben fom, gurbin suna, gurbin lambar fayil, da sauransu. Wanda ya fi dannawa shi ya fi aiki.

"Malam Hadi," in ji Mika'ilu wata safiya a bas, "ka ɗauka ka ba mutum hayar ɗaki a gidanka. Gidan naka ne, amma in ya ja ƙofa ba ka san me yake yi ba. Manhajata ce gidan, burawuzar nan ita ce ɗan hayar. So ake in saka kunne a ɗakinsa."

Mako uku ya yi yana saka kunnen nan. Da farko manhajar ba ta jin komai. Da ta fara ji, sai ta ji har dannawar da aka yi a fili inda babu gurbi. Ya gyara wannan, sai ya tarar duk sanda aka buɗe sabon fom kunnen ya faɗi, sai an sake liƙa shi. Ya sa ta riƙa liƙawa da kanta, sai ta liƙa biyu, dannawa ɗaya ta zama biyu. Ya rubuta tambaya a wani dandalin masu irin sana'arsa, bayan kwana huɗu wani daga wata ƙasa ya amsa da cewa: me ya sa kake son yin haka? Wallahi a duk ofishinmu babu wanda ya yi wannan tambayar, har da ni.

Ranar da abin ya yi daidai, ya saya mana gasasshiyar masara a tasha. Ranar ce kaɗai na ga dariyarsa har haƙora.

Bayan wata guda rahoto ya fito. Na ɗaya Enoch ne, wani bawan Allah da sai ya danna gurbi sau uku kafin ya tuna abin da zai rubuta. Ta ƙarshe kuwa Barira Saleh, dannawa goma sha ɗaya a wata.

Duk wanda ya san ofishin ya riƙe baki. Anti Barira ta yi shekara ashirin da biyu tana buga tafireta a wata ma'aikata kafin a rushe sashensu, ta dawo nan a matsayin 'yar wucin gadi, tana riƙe da 'ya'ya huɗu a Durumi da wannan aikin. Tsofaffi layin teburinta suke rububi, don kafin ka gyara zama ta gama da kai.

Mika'ilu ya fito daga ɗan ɗakinsa mai sanyi, inda ya yi makonnin nan uku yana gwada abin da hannunsa shi kaɗai, ya tsaya a bayanta. Minti ɗaya ya ishe shi. Ba ta taɓa linzami. Ta tura shi bayan kwamfutar, ta ajiye gorar kununta a wurinsa. Da ƙaramin yatsanta take buga maɓallin Tab ta tsallaka daga gurbi zuwa gurbi, idonta na kan takardar mai fansho, kamar yadda aka koya mata a makarantar tafireta. Manhajarsa kuwa linzami kaɗai take saurare.

Gyaran bai ɗauke shi awa ɗaya ba. Maimakon manhajar ta jira dannawa, sai ta lura da duk sanda aka shiga gurbi, ko da linzami ko da maɓalli. Ya sa gyaran a filash, ɗan abin ajiye bayanan kwamfuta, ya hau wajen Darakta. Ina ciki ina jiran a sa hannu a fayil, a kunnena aka yi.

"Mika'ilu, report ɗin nan ya riga ya tafi sama," in ji Alhaji Wakili. "Ni na sa hannu, an yabe ni a meeting. Yanzu in koma in ce system ɗin ƙarya yake yi? Duk wani canji sai committee ya zauna."

"Ranka ya daɗe, matar nan ta fi kowa aiki."

"Na ji. Zan ƙara wa na ƙasa wata ɗaya. In lambarta ta hau, shi ke nan. In ba ta hau ba, ba ni na kore ta ba, computer ce."

Mika'ilu ya kira ogansa a waya, shi ma ya ce in ya taɓa manhajar ba da takarda ba, ya nemi wani aikin. Mika'ilu na da mata da jariri. Ban ga laifinsa ba, ko da yake raina ya ɓaci.

Bayan azahar ya ja kujera kusa da Anti Barira, ya yi mata bayani yana kallon ƙasa.

"Ɗana, fom nawa na cika watan jiya?" ta tambaye shi.

"Ban sani ba, Anti. Abin ba ya ganin wannan."

"To me yake gani?"

"Dannawa."

Ta kalli yatsunta. Sannan ta ɗauke gorar kunun, ta jawo linzamin, ta goge masa ƙura da gefen mayafinta. Ta ce, "Nuna min."

Daga fom tamanin a rana ta koma talatin da biyar, mu 'yan fayil mu muka san wannan, don mu ke kwashe takardun. Layin tsofaffi ya kai matattakala, ana ce musu su dawo gobe. A ƙarshen wata ta zo ta biyu, aka sabunta mata aiki. A ƙarshen shekara aka ba ta takardar yabo, Darakta ya ce a yi koyi da ita.

Ranar muna haɗa kaya za mu tafi tasha ta leƙo ɗakin Mika'ilu, takardar na hannunta.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana, ka rufa min asiri," ta ce, kuma har zuciyarta take faɗa. Ta juya za ta fita, sai ta tsaya. "Ka san wani abu? Jiya na ce bari in gwada irin na da, ko fom ɗaya ne. Sai na ga hannun ya tafi wajen linzami da kansa."

A bas ranar Mika'ilu bai yi gyangyaɗi ba, har Kubwa yana juya filash ɗin gyaran da ke rataye a makullansa. Shekara huɗu ya ƙara a wurin kafin kwangilar ta ƙare, kwamitin bai taɓa zama ba.