'Yan Rakiya

A makarantar kwana ta 'yan mata inda gwaggona ta tsufa tana kula da ɗakin kwana, ba a cewa 'yan aji biyu. 'Yan rakiya ake ce musu. Yaran yanzu sun ɗauka zagi ne, wai an mayar da su 'yan ɗaukar akwati. Wallahi abin yana ci mini rai, don ba su san daga inda sunan ya fito ba.

Gwaggo tana sabuwar zuwa aiki aka kawo wata yarinya 'yar aji ɗaya, mai shiru-shiru, aka ba ta gadon bakin ƙofa. Zazzaɓi ya kama ta. Ba ta san hanyar ɗakin magani ba, kunya kuma ta hana ta tambaya. Ta lallaɓa ta fita ita kaɗai ana tsakiyar darasi. A bayan ɗakin wanki aka same ta, rai ya yi halinsa. Gwaggo ce ta naɗe mata katifa.

Tun daga nan ta kafa doka: kowace sabuwa, 'yar aji biyu za ta tarbe ta a bakin get, ta raka ta ko'ina har ta san wuri. Ta ce manya jarrabawa ta sha musu kai, amma 'yan aji biyu ba su manta tsoron bara ba tukuna.

Da ƙafa ta gaza, za ta bar aiki, tsoronta ɗaya ne, kada dokar ta bi ta gida. Ta ji yaran suna gunaguni, sai ta tara su a kan barandar ɗakin kwana, ta ba su labarin da ba ta taɓa bayarwa ba. Tana gamawa suka tashi suka watse. Ta dawo ɗaki ta kira ni a waya tana ce mini ta yi a banza.

Ranar da na zo ɗaukarta ta dace da zuwan sababbi. Muna fitowa sai ga 'yan aji biyu kaf, wannan ta karɓi jaka, waccan ta kama mata hannu. Na ji hawaye. Ita kuwa ta tsaya cak, ta ɓata rai.

"Duk kun biyo ni, wa kuka bari a get?"

Suka kalli juna, suka ajiye kayan, suka kwasa a guje. Ni na ɗauki jakar. Gwaggo ba ta shiga mota ba sai da ta ga wata ƙaramar yarinya ta wuce, an riƙe mata akwati.